Alkamar Sarkin Indiya da Lamba Mai Alƙaluma Ashirin

Lambar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma ashirin cif. Yawancin ɗalibai idan suka ci karo da irinta a littafi, ido kawai suke ɗaukewa su wuce, kamar ba da su ake ba. Wanda ya daure ya karanta ta da baki zai ce kwintiliyan 18, da kwadiriliyan 446, da tiriliyan 744, da biliyan 73, da miliyan 709, da dubu 551, da 615, kuma kafin ya kai ƙarshe ya manta farko. Amma wannan lamba tana da asali da dangi da hali irin nata, masana sun fi shekara dubu suna juya ta. Matashin da ya ware mata yini guda zai tashi da ɗabi'ar da za ta yi masa rana a aji da kasuwa: idan aka kawo masa babbar lamba, kafin ya gaskata ko ya ƙaryata, ya fara ɗaukar biro.

Asalinta labari ne. Ibn Khallikan, alƙali kuma masanin tarihi da aka haifa a Irbil a 1211, ya kawo shi a littafinsa na tarihin mashahuran mutane, Wafayatul A'ayan, wanda ya fara rubutawa a Alƙahira a 1256. Wai wani mai hikima a Indiya, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago wasan shaɗaranji, darar nan mai gida 64 da ake bugawa da sarki da dawakai da dakaru. Wasan ya burge sarkin ƙasar, ya ce masa ya faɗi tukuicin da yake so. Sissa ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya ji kamar an raina masa arziki. Sai da masu lissafin fada suka zauna, suka dawo suka ce, ranka ya daɗe, alkamar da ke ƙasar nan duka ba za ta biya ba. Idan aka tara abin da ke gidajen 64, lambar can ta sama ce ke fitowa. Tun wajen shekara ta 1000 masani Albiruni ya lissafa ta a littafinsa kan kalandun al'ummomin da suka shuɗe.

Abin da ya fi labarin kansa daɗi shi ne yadda Ibn Khallikan ya karɓe shi. Bai yarda ba. Ya faɗa da kansa cewa zuciyarsa ta ƙi kwanciya da maganar, har sai da ya haɗu da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya, wanda ya zauna ya nuna masa a takarda. Mutumin bai tsaya yana jera alƙaluma ba. Da ƙwayoyin suka yi yawa sai ya mai da su mudu, mudu ya koma buhu, buhu ya koma rumbu, rumbu ya koma gari guda cike da rumbuna, har adadin garuruwan ya wuce abin da hankali zai ɗauka. A nan ne malamin ya sallama.

Mai karatu zai iya bin sawun wannan ma'aikaci da awo irin na yau. A ƙaddara ƙwayar alkama ashirin ce ke yin giram ɗaya. Allon yana da layi takwas, kowane layi gida takwas. Layin farko gaba ɗaya ƙwaya 255 ne, ko tafin hannu ba za su cika ba. Ƙarshen layi na biyu an tara 65,535, kilo uku da 'yan kai. Ƙarshen na uku 16,777,215, buhu takwas ke nan da ɗoriya, irin mai kilo ɗari. Har yanzu sarki yana iya murmushi. Ƙarshen layi na huɗu, wato rabin allo, an kai 4,294,967,295, kusan tan 215, lodin tirela bakwai, abin da babban ɗan kasuwa guda a Dawanau zai iya haɗawa ba tare da ya nemi bashi ba. Daga nan ne magana ta lalace. Gida na 33 shi kaɗai ya fi duk abin da aka tara a rabin farko. Idan aka kammala gida na 64 nauyin ya haura tan biliyan 900. Duniya duka tana noma alkama wajen tan miliyan 800 a shekara, don haka sai an tara girbin sama da shekara dubu, ba a ci ko ƙwaya ba, kafin a sallami Sissa.

Girma ke nan. Amma girma shi ne mafi ƙarancin abin da masu lissafi ke tambayar lamba. Sukan so su san cika ce ko mara, me ke raba ta ba saura, da kuma wane gida ta fito. Yawancin waɗannan tambayoyi ɗan ƙaramar sakandare zai iya amsa su. Ta ƙare da 5, don haka mara ce, kuma 5 na raba ta. A tara alƙalumanta ashirin ɗaya bayan ɗaya, za a sami 87. Tunda 3 na raba 87, to 3 na raba ta, tunda kuma 9 ba ta raba 87, to ita ma 9 ba ta raba ta. Cikin minti biyu an san abu huɗu game da lambar da aka ji tsoron karantawa.

Sauran aikin yana buƙatar dabara ɗaya tak, kuma tana cikin littafin lissafin sakandare: a² − b² daidai yake da (a − b)(a + b). Shi ya sa 99, wato 100 − 1, ta zama 9 sau 11. Lambar alkamar nan a taƙaice 2⁶⁴ − 1 ce, wato a jera biyu guda 64 a ninka su da juna, a cire ɗaya. Mai faskare ba ya sarar gungume ta ko'ina, tsagar itacen yake nema. Wannan dabara ita ce tsagar. Sara ɗaya ya raba lambar gida biyu: 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Ta farkon ita ma 2³² − 1 ce, sai ta sake tsagewa zuwa 65,535 sau 65,537. Ita kuma 65,535 ta ba da 255 sau 257, 255 ta ba da 15 sau 17, 15 ta ba da 3 sau 5. Ba kwamfuta, ba kalkuleta, an sami:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297.

Biyar ɗin farko duk irin lambobin nan ne da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, kamar 2 da 7 da 11 da 13. A kira su gagara-raba. Su ne ƙashin bayan lissafin lambobi, domin kowace lamba da ta wuce ɗaya, ko dai gagara-raba ce, ko kuma an same ta ne ta hanyar ninka gagara-raba da juna, kuma ta hanya ɗaya kawai. To ta shidan fa, mai alƙaluma goma?

A kanta ne wani babban mutum ya yi tuntuɓe. Pierre de Fermat alƙali ne a birnin Tulus na Faransa, lissafi kuwa abin da yake yi ne idan ya tashi daga aiki, amma ya zarce kusan duk mutanen zamaninsa a fannin. Ya lura da jerin nan: 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowace ɗaya biyu ce da aka yi ta ninkawa aka ƙara ɗaya, bisa tsari guda, kuma dukansu gagara-raba ne. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk lambobin da za su biyo baya a jerin haka suke, har abada. A yi masa adalci, ya faɗa musu cewa bai kammala hujja ba. Amma magana ta fito daga bakin Fermat, kuma ta biyo bayan misali biyar da ba ko ɗaya da ya saɓa. Ya rasu a 1665 ba wanda ya ƙalubalance shi.

Shekara 92 maganar tana zaune. A 1729 wani masanin lissafi, Christian Goldbach, ya ambata ta a wata wasiƙa zuwa ga Leonhard Euler, wani saurayi ɗan Suwizalan da ke aiki a cibiyar kimiyya ta birnin Santa Fitasbag a Rasha. A 1732, yana ɗan shekara 25, Euler ya nuna cewa 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417. Shi ke nan, magana ta mutu. Duk mai shakka ya gwada: rabawar doguwa ce amma mataki bakwai ne kawai, bayan littafin rubutu ya ishe ta.

Yadda ake kaiwa ga 641 ɗin ya fi sakamakon amfani ga ɗalibi. Wanda zai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya yana gwada su zai gaji kafin ya isa. Euler ya nuna daga baya cewa duk gagara-raban da zai raba wannan lamba, dole idan aka raba shi da 64 ya bar saura ɗaya. Nan take fili ya share. 'Yan takarar su ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, da sauransu, kuma a cikin goman nan biyar ne kawai gagara-raba: 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar ke nan aka dace. Tunanin da aka yi kafin a fara rabawa ya mai da aikin wata guda na rabin yini. Abin mamaki, Fermat ya san irin wannan dabara, domin a 1640 ɗin nan da ita ya gano cewa 223 na raba 2³⁷ − 1. Makamin yana hannunsa, bai kai shi inda ya kamata ba.

Ya kamata matashi ya tsaya a nan ya yi nazari, domin kuskuren Fermat irin wanda ake yi kullum ne. An ga abu ya faru sau biyar, sai a ce haka yake. Wani babba ya faɗa, sai a daina dubawa. Girmama malami wajibi ne, kuma Euler bai taɓa raina Fermat ba, ya ma shafe shekaru yana kafa hujjojin wasu maganganunsa da suka tabbata gaskiya. Sai dai a lissafi, sake bin aikin malami da biro ba rashin kunya ba ne. Ɗalibin da ya ga amsar da ke bayan littafi ta saɓa da tasa, ya sake aikin sau biyu ya ga tana nan yadda take, ya kai wa malaminsa cikin ladabi ya ce, Malam, a duba mini wannan. Sau da yawa shi ne zai zama mai kuskure, ya koyi abu. Wani lokacin kuma littafin ne.

Hasashen Fermat bai tsaya a faɗuwa ɗaya ba. Ta gaba a jerin ita ce 2⁶⁴ + 1, maƙwabciyar lambar alkama, da biyu kawai ta fi ta. A 1880 wani dattijo Bafaranshe, Fortuné Landry, wanda ya haura shekara tamanin, ya bayyana cewa 274,177 na raba ta. Daga wancan lokaci zuwa yau, duk da manyan kwamfutoci, ba a sake samun gagara-raba ko ɗaya a jerin ba bayan 65,537.

Yanzu ana iya rubuta cikakken bayanin lambar alkama: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Gagara-raba bakwai, ba wanda ya maimaita kansa, saboda haka babu wata lamba irin 4 ko 9 ko 25 da za ta raba ta. Tunda kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin ana iya ɗaukarsa ko a bar shi, adadin lambobin da ke raba ta ba saura 128 ne, idan aka haɗa da ɗaya da ita kanta. Akwai kuma wani tsohon rabe-rabe da Girkawa suka fara, malaman Larabawa suka ci gaba da shi. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. Idan jimlar ta yi daidai da lambar, cikakkiya ce, kamar 6 da take 1 + 2 + 3, ko 28. Idan jimlar ta zarce, mai rara ce, kamar 12. Idan ta gaza, mai giɓi ce. Duk girman lambar alkama, mai giɓi ce: masu raba ta sun tashi kusan kashi 70 cikin 100 nata ne kawai.

Shekarar 1732 tana da wani labari da ya shafi gida. A shekarar da Euler ya fito da 641, wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya yi karatu a ƙasar Hausa kafin ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Mafi ƙanƙanta shi ne wanda layinsa na sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ta duk inda aka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 ake samu. Mutane da yawa a laya kawai suka san hatimi, amma ƙa'idar jera lambobinsa lissafi ne tsantsa, kuma masu tarihin lissafi na ambaton malamin saboda ita. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar ɗin nan. Yaron da ke cewa lissafi ba namu ba ne, ya san da wannan.

Wani zai ce ai yanzu waya na yin komai. To ya gwada. Kalkuletar waya da yawa idan aka ba ta 2⁶⁴ − 1 sai ta nuna wani abu kamar 1.8446744E19, ta haɗiye sauran alƙaluman. Manhajar Excel kuwa alƙaluma 15 kawai take riƙewa daidai, abin da ya biyo baya ta mai da shi sifili ba tare da ta yi gargaɗi ba, shi ya sa ma'aikacin ofis da ya shigar da lambar katin banki mai alƙaluma 16 a matsayin adadi yakan tarar na ƙarshen ya koma 0. Wanda ya dogara da abin da ya gani a fuskar na'urar zai rantse lambar alkama cika ce, tunda ta ƙare da sifili. Abin dariyar shi ne kwamfuta ta san wannan lamba fiye da kowace. A harshenta na 0 da 1, ɗaya ce guda 64 a jere, kuma ita ce iyakar abin da gurbi mai bit 64 zai iya ɗauka, irin gurbin da yawancin wayoyi da kwamfutocin yau ke aiki da shi. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, an dai tambaye ta ta ƙofar da ba ta dace ba, kuma mai ilimin lambar ne kaɗai zai gane an rage masa wani abu.

Akwai wurin da rashin wannan ilimi ke cin kuɗi, ba maki ba. Tsarin MMM, wanda Sergei Mavrodi ɗan Rasha ya kafa, ya shigo Najeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Babban Bankin Najeriya da hukumar kula da hannun jari sun yi gargaɗi, mutane suka ce baƙin ciki ake musu, ai ga wane an biya shi, ga wance an biya ta sau uku. Misali biyar ɗin Fermat ke nan a wata riga. A ranar 13 ga Disamba 2016 aka rufe asusun mahalarta, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce kimanin mutum miliyan uku sun yi asarar wajen naira biliyan 18. Da wani ya yi abin da ma'aikacin Iskandariyya ya yi, da ya ga ƙarshen tun farko. Naira dubu goma da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, ana barin ribar a ciki, za ta zama kusan dubu 233 a shekara guda. A shekara biyar ta haura naira biliyan 68. Daga dubu goma ta mutum ɗaya ke nan. Babu gona, babu masana'anta, babu rijiyar mai da ke haihuwa haka.

Irin waɗannan tsare-tsare suna canza suna duk bayan 'yan shekaru, su dawo ta WhatsApp da Telegram, wani lokaci da sunan kasuwancin kirifto, wani lokaci da cewa kawo mutum biyu kawai, su ma kowa ya kawo biyu. Wannan na ƙarshen allon Sissa ne sak, mutane ne kawai suka maye gurbin alkama. Mataki na farko mutum ɗaya, na biyu mutum biyu, na uku huɗu. A mataki na 28 jimlar ta kai 268,435,455, ta wuce yawan mutanen Najeriya, har da jarirai. A mataki na 33 ta kai 8,589,934,591, ta wuce mutanen duniya.

Ba sai an je can ba ma. Akwai wata siffa da ke cikin allon tun daga gidajen farko: 1 da 2 da 4 sun tashi 7, gida na gaba yana da 8, a ƙara 8 ɗin a sami 15, na gaba yana da 16. Kowane gida ya fi jimlar duk waɗanda suka gabace shi da ƙwaya ɗaya. Ma'anarsa ga tsarin kawo-biyu ita ce, a kowace rana aka tsaya, ko a mataki na biyar ko na ashirin, mutanen da ke layin ƙarshe, waɗanda suka zuba kuɗi ba su kai ga kawo kowa ba, sun fi rabin duk waɗanda suka taɓa shiga. Mai gayyatar yakan ce a yi sauri a shiga da wuri. A ranar da saƙon ya iso wayar ɗalibi a Gusau ko Maraɗi, bayan ya ratsa ta hannun abokin wan abokinsa, layin ƙarshen ne ke da gurbi.